Na'urar Gwajin Barasa ta Aljihu: Amfaninta da Iyakarta a Fatin Ɗaliban Jami'a

A fatin ɗaliban jami'a a Amurka ba a auna abin sha. Zubawa ake yi a jan kofin roba mai cin mililita 473, ko a kamfato daga babban bokitin haɗi wanda shi kansa mai haɗa shi bai san ƙarfinsa ba. Ka tambayi ɗalibi da ƙarfe ɗayan dare nawa ya sha, zai ce maka biyu ko uku, kuma ba ƙarya ya yi ba, kofi yake ƙirgawa. Da wannan rashin sani ne masu sayar da na'urar gwajin numfashi suke cin kasuwa. Suna cewa ka hura na daƙiƙa biyar, lamba ta fito, gardama ta ƙare. Masu saye kuwa ba masu sha kaɗai ba ne. Akwai iyaye, akwai ɗalibin da ba ya sha amma shi ake danƙa wa makullin mota, akwai waɗanda jami'a ke naɗawa su kula da ɗakunan kwana. Sharhin nan nasu ne, kuma ya fi karkata ga na'urorin kamfanin BACtrack, domin su aka fi gani a hannun ɗalibai, musamman S80 da ƙananan irin C6 da ake rataya wa a jikin makulli.

Sai an fahimci me take aunawa kafin a yi mata hukunci. Barasar da ta shiga jini tana bi ta huhu, wani ɗan kaso nata ya fice cikin iskar da mutum yake fitarwa. Na'urar tana auna wannan kason, sannan ta ninka shi bisa ƙiyasin cewa barasar da ke cikin mililita 2,100 na numfashi daidai take da wadda ke cikin mililita ɗaya na jini. Tun na'urar da Robert Borkenstein ya ƙera a 1954 ake tafiya a kan wannan tushe. To amma 2,100 ɗin nan matsakaici ne. Na wani ya fi haka, na wani bai kai ba, kuma zazzaɓi ko yanayin numfashi suna iya motsa shi. Ke nan lambar da ta fito a fuskar na'urar ƙiyasi ce ta abin da ke cikin jini, komai kyawun na'urar.

Iri biyu ne a kasuwa, kuma bambancinsu shi ne rabin maganar. Na farko shi ne mai semikondokta: wani ɗan sinadari ne ake ɗumama shi, iskar barasa ta taɓa shi, yadda wuta ke ratsa shi ya canza. Yana da araha, amma ba ya tantancewa sosai. Hayaƙin taba, turare, har da sinadarin asiton da ke fita a numfashin mai ciwon suga ko mai matsananciyar ƙauracewa abinci, duk suna iya ruɗa shi, kuma saitinsa yana gocewa da wuri. Na biyu shi ne mai fiyul sel, wanda ke da faifan ƙarfen fulatinam guda biyu. Barasa na isa gare su sai ta narke ta koma asid irin na ruwan tsami, a wannan narkewar ta saki 'yar wutar lantarki, yawan wutar shi ne yawan barasar. Irinsa 'yan sanda ke riƙewa a bakin hanya, kuma asiton ba ya ruɗa shi. S80 da C6 duka masu fiyul sel ne. Duk na'urar da ba a rubuta wannan a kwalinta ba, ko wadda ake tallata ta da arahar da ta wuce hankali, a bar ta a kan kanta. Araha ba ta ado, a nan kuma tana iya sa mutum ya hau titi da tabbacin ƙarya.

Ba zargi ba ne kawai. A watan Janairun 2017 hukumar kare masu saye ta tarayyar Amurka, FTC, ta sa kamfanin Breathometer ya mayar wa mutane kuɗinsu, bayan ta zarge shi da yin iƙirarin daidaito da ba shi da hujja a kai, alhali wata na'urarsa tana nuna ƙasa da abin da ke jikin mutum. A 2021 kuma masu bincike a Jami'ar Pennsylvania suka gwada na'urori shida masu haɗuwa da waya, suka kwatanta su da gwajin jini da na'urar 'yan sanda. Wasu sun yi kusa da gaskiya, cikinsu har da ta BACtrack, amma biyu daga ciki sun kasa gano wanda ya haura ƙa'idar tuƙi a fiye da rabin lokutan. Kuskuren da ya yi sama ba ya kashe kowa, iyakarsa mutum ya hau tasi ba dole. Wanda ya yi ƙasa shi ne abin tsoro.

S80 ba ta da wani ado. Batir biyu ƙirar AA take ci, maɓalli kaɗan ne, tana nuna lamba har gida uku bayan ɗigo, daga 0.000 zuwa 0.400, wato kason barasa cikin ɗari a jini. Tana cikin na'urorin tantancewa da hukumar kiyaye haɗurran hanya ta Amurka ta amince da su. A kunna, a jira ta gama ƙirga 'yan daƙiƙoƙinta, a ja numfashi, a hura a hankali ba tare da yankewa ba har ƙarar ta tsaya. Idan hurawar ta yi rauni ko ta katse, sai ta nuna kuskure maimakon ta ba da lambar banza, kuma wannan abin yabo ne, domin iskar ƙasan huhu ake so, ba ta baki ba. Girmanta ne matsala: ba ta shiga aljihun wando da daɗi, kuma abin da ba ya shiga aljihu a ɗaki ake mantawa da shi. C6 ta magance wannan, batir ɗaya ƙirar AAA, ga ta kamar ƙaramin kwalin ashana, tana aiki ita kaɗai ko ta haɗu da manhajar waya. Manhajar tana ƙiyasta lokacin da jini zai koma sifili, wanda a ganina shi ne abu mafi amfani a cikinta, domin yana girgiza mutum fiye da lambar kanta. Sai dai a tuna manhaja tana ajiye tarihin gwaji. Ɗalibin da bai kai shekara 21 ba, wanda doka ta hana shi sayen barasa, yana tara wa kansa shaida ne a waya.

Yanzu ga inda take faɗuwa a wurin fati, kuma yawanci ba laifin ƙarfen ba ne.

Na ɗaya, barasar baki. Bayan kurɓa ta ƙarshe akwai ragowar barasa a harshe da dasashi da maƙogwaro, kuma ƙarfinta ya ninka na numfashin huhu nesa ba kusa ba. Wanda ya kurɓi biya yanzu ya hura zai iya ganin lambar da ta isa ta kwantar da mutum a asibiti. Ƙa'ida ita ce a jira minti 15 zuwa 20 ba sha, ba ci, ba taba. Gyatsa ko amai suna dawo da agogon farko, domin sun sake ɗauko tururin barasa daga ciki. Ruwan kurkure baki ma haka, wasu irinsa suna da barasa sama da kashi 20 cikin ɗari. Haka man wanke hannu mai barasa, idan aka shafa aka riƙe bututun nan take. A fatin da kiɗa ke tashi, kofi ba ya rabuwa da hannu, wa zai zauna minti ashirin? Ga kuma asara: yawan hura mata ɗanyar barasa da hayaƙi yana gajiyar da fiyul sel ɗin, ya rage masa kwana.

Na biyu ya fi haɗari, kuma shi ne masu talla ba sa son tsayawa a kansa. Na'urar tana faɗin inda mutum yake a wannan mintin, ba ta faɗin inda ya dosa. Yawancin barasa a ƙaramin hanji take shiga jini, kuma kafin ta kai ƙololuwa akan ɗauki minti 30 zuwa 90 bayan an daina sha, ya danganta da ko akwai abinci a ciki. Ɗalibin da ya ɗaga ƙananan kofuna uku na bodka a jere da sha biyu saura kwata, ya jira mintinsa ashirin, ya hura ya ga 0.05, zai ɗauka yana ƙasa da 0.08 da doka ta gindaya a yawancin jihohi. Kafin ya kai rabin hanya jininsa ya haura. Maganin wannan shi ne gwaji biyu ko uku, minti 20 tsakaninsu. Idan lamba tana hawa, ba a san inda za ta tsaya ba. Idan ta sauka sau biyu a jere, to an wuce ƙololuwa. Gwaji ɗaya tilo kusan ba ya faɗin komai.

Sannan ita kanta 0.08 ɗin an yi mata mummunar fahimta. Iyakar doka ce, ba iyakar lafiya ba. Tun daga 0.02 hankali ke fara rarrabuwa, a 0.05 kuwa saurin taka burki da bin abin da ke motsi da ido sun ragu a fili. Jihar Utah ta sauke nata zuwa 0.05 a ƙarshen 2018, kuma a yawancin ƙasashen Turai ma 0.05 ne. Ga wanda bai kai 21 ba, wato mafi yawan 'yan aji ɗaya zuwa uku, iyakar a duk jihohin Amurka tsakanin sifili ne da 0.02, abin da kwalba ɗaya ta isa ta wuce. Kuma lambar na'urarka ba ta zama hujja a gaban ɗan sanda ko alƙali. Su kamfanonin da kansu suna rubutawa a takardar ciki cewa kada a dogara da ita wajen yanke shawarar tuƙi, da ƙananan haruffa dai.

A kula da ma'aunin da aka saita ta a kai. Wasu na'urori suna iya nuna sakamako da kaso cikin ɗari, ko kaso cikin dubu, ko miligiram a litar numfashi. 0.08 a na farko shi ne 0.8 a na biyu, kusan 0.38 a na uku. Wanda ya danna maɓalli bisa kuskure ya canza ma'auni zai karanta abin da ba shi ba.

Abu na uku ba na fasaha ba ne, na halin matasa ne. Da zarar na'urar ta fito a tsakiyar taro sai ta zama abin wasa: wa ya fi kowa lamba. Wanda ya ga 0.12 sai ya ƙara don ya wuce mai 0.15. Saboda haka wurin zamanta aljihun wanda bai sha ba ne, a fito da ita a keɓe, a bakin ƙofa ko wajen ajiye motoci. Bututun hurawa kuma kowa da nasa. Ana sayar da su daban a ƙulli, a tanadi isassu, domin bututu ɗaya a bakin mutum goma hanyar mura ce da abin da ya fi mura.

Duk da haka tana da wurare biyu da babu abin da ya kama ƙafarta.

Na farko shi ne koyar da lissafin da kofi ke ɓoyewa. A Amurka ma'aunin sha ɗaya giram 14 ne na tsantsar barasa: mililita 355 na biya mai kashi 5, ko 148 na giyar inabi mai kashi 12, ko 44 na wiski ko bodka mai kashi 40. A lissafi na kusa, ma'auni ɗaya yana ɗaga jinin namiji mai kilo 75 da kimanin 0.027, na mace mai kilo 60 kuma da kimanin 0.042, domin jikin mace ya fi ƙarancin ruwan da barasa ke bajewa a ciki. Shi ya sa cibiyar binciken barasa ta Amurka ta ɗauki ma'auni biyar ga namiji, huɗu ga mace, cikin kamar awa biyu, a matsayin shan wuce kima. To jan kofin nan idan aka cika rabinsa da bodka aka ƙarasa da lemo, ma'auni biyar ke nan a kofi ɗaya. Bokitin haɗi kuwa wani lokaci da barasar hatsi mai kashi 95 ake yinsa, zaƙin 'ya'yan itace ya rufe ɗacin. Sai kuma yayin galan da ya bazu a TikTok, inda ake zubar da rabin ruwan galan a juye kwalbar bodka mai mililita 750 a ciki tare da garin ɗanɗano. Kwalbar nan kusan ma'auni 17 ce. A watan Maris na 2023, a wani shagalin ɗaliban Jami'ar Massachusetts da ke Amherst, ɗalibai 46 aka kai asibiti, kuma wannan galan ɗin hukumomi suka nuna wa yatsa. Ɗalibin da ya ce "kofi biyu na sha" ya ga 0.13 a fuskar na'ura ya koyi abin da lacca goma ba ta koya masa ba.

Na biyu shi ne washegari, kuma a nan ne kuɗinta ke fita. Hanta tana rage barasar jini da kimanin 0.015 a kowace awa, kuma babu abin da ke hanzarta ta: ba gahawa ba, ba wanka da ruwan sanyi ba, ba motsa jiki ba, ba barci ba. Wanda ya kwanta da 0.15 da ƙarfe biyun dare, da bakwai na safe yana kusan 0.075, ba zai koma sifili ba sai wajen sha biyun rana. Kuma akwai wata yaudarar jiki da aka daɗe da sani: a lamba iri ɗaya, mutum ya fi jin ya wartsake lokacin da barasar ke sauka fiye da lokacin da take hawa, alhali hannunsa da idonsa ba su dawo ba. Da safe babu barasar baki, babu hawan da ake tsoro, babu taron da zai mai da abin gasa. Duk sharuɗɗan gwaji mai kyau sun cika da kansu. Ga ɗalibin da zai tuƙa zuwa aiki, ko zai shiga ɗakin gwaje-gwaje ya taɓa injina, nan ne na'urar ke faɗin gaskiyar da jiki ke ɓoyewa.

Akwai wuri ɗaya da bai kamata ma a ciro ta ba: lokacin da wani ya faɗi. Wanda ba ya farkawa ko an girgiza shi, ko numfashinsa bai kai takwas a minti ba, ko yana yin daƙiƙa goma tsakanin numfashi da numfashi, ko fatarsa ta yi sanyi da danshi, ko leɓensa ya sauya launi, ko yana amai bai farka ba, ko yana jijjiga, wannan motar asibiti yake buƙata, 911 a Amurka. Ba zai iya hurawar daƙiƙa biyar ba ma, kuma duk mintin da aka ɓata ana ƙoƙarin sa masa bututu a baki asara ce. A kwantar da shi a gefensa, a lanƙwasa gwiwar sama, a ɗan ɗaga haɓarsa don kada amai ya shaƙe shi, kada a ba shi ruwa ko abinci, kada a bar shi shi kaɗai wai ya yi barci ya huce, domin abin da ke cikinsa yana ci gaba da shiga jini yana kwance. Tsoron hukunci ne ke sa abokai jinkiri, amma jihohi da yawa da jami'o'i da yawa suna da dokar da ke yafe wa wanda ya kira agaji laifin shan ƙasa da shekaru. Ya kamata ɗalibi ya san ta makarantarsa tun makon farko.

Haka kuma barasa kaɗai take gani. Ba ta ganin tabar wiwi, ba ta ganin ƙwayoyin barci ko na kashe zafi, ba ta ganin abin da mugu ya jefa wa yarinya a kofi. Wadda ta hura 0.03 amma ƙafarta ba ta ɗaukarta, maganarta tana sarƙewa, ƙaramar lambar nan ba ta kwantar da hankali ba, ƙara tayar da shi ta yi: akwai wani abu a jikinta da ba barasa ba, asibiti ya kamata a nufa. Lemon ƙara kuzari kuma akasin haka yake yi, ya bar mutum a tsaye idonsa tar alhali lambarsa tana sama. Saboda wannan haɗarin ne hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi masu haɗa barasa da kafeyin a gwangwani a Nuwamban 2010, masu abin shan nan Four Loko suka cire kafeyin daga nasu. A irin wannan yanayi a yarda da na'urar, kada a yarda da fuskar mutumin.

Saura kulawa, wadda kusan kowa ke sakaci da ita. Fiyul sel yana gocewa da tsufa ko da ba a amfani da shi, ya fi lalacewa ma idan aka yi watanni ba a hura shi ba, domin yana bushewa. Kamfanin yana ba da shawarar a aika masa na'urar a sake saita ta duk wata 12, kuma ana biyan kuɗin wannan daban. Na'urar da ta shekara uku a aljihun mota, ta sha zafin bazara da sanyin hunturu, ba za ta daina nuna lamba ba, za ta ci gaba da nunawa har gida uku bayan ɗigo kamar ranar da aka saye ta, babu wata alamar cewa ta goce. A ajiye ta a ɗaki, a hura ta sau ɗaya a wata ko ba a sha komai ba, a canza batir da zarar ya nuna rauni, a rubuta ranar saiti a jikinta da alƙalami. Idan ta kwana a sanyi a bar ta ta ɗumama a aljihu kafin gwaji. Ta hannu kuwa, wadda ba a san ranar saitinta na ƙarshe ba, sai an haɗa kuɗin saiti a cikin farashinta kafin a ce an yi riba.

Tsakanin biyun, S80 ta fi dacewa da gidan da ɗalibai da yawa ke zaune, ko mai kula da ɗakin kwana, inda za a yi ta gwaji a jere kuma akwai wurin ajiya. C6 ta fi dacewa da mutum ɗaya, saboda tana tare da makulli, kuma hannun da zai ɗauki makullin dole ya taɓa ta. Ga direban da bai sha ba, aikinta ɗaya ne: idan aboki ya dage cewa garau yake, a miƙa masa bututu, lambar ta yi gardamar a madadinka. Idan ta nuna wani abu sama da sifili, makulli ya zauna a aljihunka. Idan ta nuna sifili amma ka ga tafiyarsa ba daidai ba, nan ma ya zauna.